Malam Aminu Kano: Daga Ina Ya Samo Ra'ayinsa?

Abokan hamayyar Malam Aminu Kano sun sha cewa ra'ayin gurguzunsa baƙon abu ne da ya kwaso daga ƙasar Turai. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in nuna wa mai karatu cewa saiwar ra'ayin nan a gida take.

An haifi Malam a Kano cikin 1920, a gidan malamai da alƙalai. Bayan ya gama Kwalejin Kaduna ya koyar a Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilmi, kuma gaskiya ne ya yi cuɗanya da 'yan gurguzu a can. Da ya komo aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na wancan zamani. A 1950 ya ajiye aiki ya shiga NEPU, ya zama shugabanta a 1953.

Tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo masu tona asirin macuta, daga baya kuma ya wallafa "Motsi Ya Fi Zama". Abin da ya tsaya a kai shi ne 'yancin talaka da na mata, da hana zaluncin hakimai da dagatai wajen karɓar haraji da jangali.

To, wa ya fara wannan kuka? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa ta ƙasar Bodinga kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakuna a littafinsa "Kitabul Farƙi". Ƙanensa Abdullahi, wanda ya yi zama a Bodinga, a Kano ya rubuta "Liya'ul Hukkami" don nuna wa masu mulki iyakarsu. A ganina wannan rijiya Malam ya fi sha, shi ya sa talakan da bai taɓa jin sunan Markis ba ya gane maganarsa.

Abin mamaki, ƙasar Sakkwato ba ta bi shi ba. A zaɓen 1979 Alhaji Shehu Shagari na NPN, mutumin garin Shagari, shi ma tsohon malamin makaranta kuma marubucin waƙa, shi ya ci shugabancin ƙasa. Jam'iyyar PRP ta Malam jihohin Kano da Kaduna kaɗai ta samu, amma gwamnoninta, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suna hawa suka soke haraji da jangali.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, jam'iyyarsa a dare gida biyu, bai bar wata dukiya ba. Ya kamata mu ɗalibai mu karanta littattafan masu jihadi tare da jawabansa, sa'an nan mu yi masa hukunci. Allah ya jiƙansa, amin.