Jami'ar da ta yi wa kalmar "The" rajista

A ƙa'idar Turanci, sunan jami'a mai ɗauke da "of" yana farawa da "the", amma wanda ya fara da sunan mutum ko wuri, irin Harvard, ba ya buƙatarta. Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka ta saɓa wannan. An kafa ta a 1870 a matsayin kwalejin noma da kanikanci, kuma a 1878 majalisar jihar ta raɗa mata suna "The Ohio State University". Sannu a hankali kalmar ta zama abin tinƙahon ɗalibai. A 2019 jami'ar ta nemi a yi wa kalmar rajistar tambarin kasuwanci, aka amince a 2022, a kan riguna da huluna. Saboda haka, kafin ka rubuta wasiƙa, duba yadda cibiya ke rubuta sunanta.