Tarihin Gyaran Hanya a Ƙasar Sakaba

Sakaba ɗaya ce daga cikin ƙasashe biyar waɗanda suka haɗu suka zama masarautar Zuru, watau Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Ƙasa ce ta manoma. Shi kuwa manomi, komai yawan dawar da ya nome, in babu hanyar kai ta kasuwa, sai ya sayar a bakin rumbu, yadda mai saye ya ga dama. Saboda haka ya kamata kowane mai karatu ya san tarihin hanya, ya kuma san wanda nauyin gyaranta ke wuyansa.

A zamanin da, kafin zuwan Turawa, babu titi sai turba, wadda mutane da jakuna suke bi ɗaya bayan ɗaya. In damina ta wuce, ciyawa ta rufe turba, sai mai gari ya sa a yi gayya, kowane gida a fito da fartanya da gatari, a share har iyakar gari na gaba. Ba a biyan kowa, ba kuwa mai neman a biya shi, don kowa ya san hanyar tasa ce.

A cikin 1901 Turawa suka ci Kontagora, daga nan mulkinsu ya game ƙasashen Zuru. Su kuwa suna son hanyoyi masu faɗi saboda rangadi da karɓar haraji, sa'an nan daga baya saboda mota. Sai suka aza wa sarakuna da hakimai su riƙa fid da mutane aikin hanya. Abin da ake yi da ganin dama sai ya koma na tilas, mutum ya bar gonarsa ya tafi sarar itace da ɗaukar ƙasa. Talakawa sun sha wuya ƙwarai. A cikin 1933 aka kafa dokar da ta rage aikin tilas.

Sannu a hankali aiki ya koma hannun En'e. Harajin da aka tara, ana ajiye rabon En'e a baitulmali, daga ciki ake biyan leburori da hedimansu, su cike ramuka da marmara, su gyara kwalbati. Aka kasa hanyoyin Nijeriya kashi uku: manya na gwamnatin tsakiya, matsakaita na gwamnatin jiha, ƙanana na En'e. Har wa yau En'e ita ce ke kula da abin da ke bisa hanya. Mai keke sai ya yanki lasin, a ba shi 'yar lamba ya ɗaura. Wanda ya kasa kaya a tsakiyar titi, ko ya ɗaure dabba, ɗan doka ya kai shi gaban alkali.

Bayan mulkin kai iyakoki suka yi ta sakewa. A cikin 1967 Zuru ta shiga Jihar Arewa maso Yamma. A cikin 1976 aka sa ta cikin Jihar Sakkwato, a shekarar nan kuma aka rushe tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yi Jihar Kebbi. Yau Sakaba ƙaramar hukuma ce, hedkwatarta tana Dirin Daji.

Tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai yin tituna da gyaransu, da fitilun titi, da magudanan ruwa, da raɗa wa tituna suna, da ba da lasin na keke da baro da amalanke da kwalekwale. Watau gadon En'e ne ya faɗo mata. Amma fa aiki sai da kuɗi. Shekaru da yawa rabon ƙananan hukumomi yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, shugabanninsu kuwa suna kukan ba ya isowa cikakke. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Kada a zaci wahalar tare hanya a ƙasarmu kaɗai take. Wajen 2017, a biranen Sin, kamfanoni suka zuba kekunan haya waɗanda mutum zai ɗauka ta wayar hannu, ya yar inda ya ga dama. Suka toshe hanyoyin masu ƙafa, har hukumomi suka riƙa kwashe su dubbai suna tarawa a fili. A London ma majalisun unguwanni sun yi fama da irin wannan, sai da suka keɓe wuraren ajiyewa. A Kano, cikin 2013, gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja. Ko'ina dai maganar ɗaya ce: abin hawa ya sake, amma hakkin mai wucewa yana nan.

To, mutumin Sakaba na yau yana da abin da kakansa ba shi da shi, watau karatu da ƙuri'a. In kwalbati ya karye, zai iya bincikawa ya san ko hanyar ta tarayya ce, ko ta jiha, ko ta ƙaramar hukuma, sa'an nan ya rubuta wa kansilansa takarda, ya ajiye kwafi. Shi kuma kada ya zuba shara a magudana, kada ya shanya hatsi a kan titi. Kwalbatin da aka gyara da rani, shi ne mota za ta bi da damina ta kai mai naƙuda asibitin Zuru.