Daga Asuwaki zuwa Makilin: Tarihin Kula da Haƙori a Ƙasar Tsiga

Tsiga gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Bakori, cikin yankin nan na Funtuwa da Malumfashi da ke ciyar da jihar Katsina da masara da dawa, ya kuma daɗe yana ba masaƙu auduga. Duk wanda ya zauna da mutanen wannan yanki zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Ga dattijo mai furfura yana fasa goro, yana yagar rake da haƙoransa, ga jikansa ɗan firamare dafe da kunci saboda haƙori ya yi rami. Kakan bai taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba, jikan kuwa an haife shi ne a zamanin buroshi da makilin. Abin da ya sauya tsakanin bakin kaka da na jika ya faru ne cikin shekarun da ba su kai ɗari ba.

Asuwakin kakanni

Kafin zuwan kanti, daji ne ke ba Bahaushe magogin haƙori. Manomi zai kama hanyar gona da sassafe, sai ya karyo ɗanyen reshe mai kaurin ƙaramin yatsa, ya ɓare ɓawon kansa, ya yi ta taunawa har zaren icen ya warware ya yi laushi. Daga nan sai guga, sama da ƙasa, ciki da waje, yana tafe yana tofar da yawu. In ya gama, wani kan tsaga icen biyu ya kankare harshe da shi. Ba kowane ice ake kamawa ba. An san marke da sabara da kirya da maɗaci, an kuma san saiwar fasaƙwari wadda masu magani ke kasawa a kasuwa, mai yajin da ke sa harshe da dasashi su yi sanyi na ɗan lokaci. Mata kan ƙara da garin gawayi ko toka da gishiri, su goga da yatsa.

Bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, wasu kuma dogon yaro, baƙo ne a cikin waɗannan itatuwa. Asalinsa ƙasar Indiya da maƙwabtanta, kuma a shekarar 1928 aka fara dasa shi a Borno. Daga can ya bazu, aka jera shi a bakin hanyoyi da kasuwanni da makarantu domin inuwa. Da yake yana ƙofar gidan kowa, bai daɗe ba ya zama asuwakin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, duk da ɗacinsa.

Addini ne ya mayar da wannan al'ada abin yi na kullum. Ɗalibin da ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ahalari da Ishmawi zai tarar da asuwaki cikin falalolin alwala, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa gudun tsananta wa al'umma ne kawai ya hana Manzon Allah (SAW) wajabta shi a kowace salla. Mai sabunta alwala ga salloli biyar, yana kurkure baki sau uku-uku, ya wanke bakinsa sau goma sha biyar ke nan a yini. Har yau alhazai kan haɗo asuwakin icen arak cikin tsaraba, tare da dabino da ruwan Zamzam. A shekarar 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa amfani da asuwaki, kuma binciken likitoci ya nuna yana cire dattin da ke manne wa haƙori in an iya riƙe shi. Inda yake gazawa shi ne bayan turame, wurin da miƙaƙƙen ice ba ya lanƙwasa ya kai, sannan mai guga da ƙarfi yakan sa dasashi ya janye. Shi ya sa tsofaffin da ba su san ramin haƙori ba sukan rasa haƙoransu ta wata hanyar: dasashi ya lalace, haƙori ya yi ta girgiɗi har ya faɗi.

Ja, fari da zinariya

Baki wurin ado ne a wajen Hausawa. Wushirya abin yabo ce, giɓi kuwa abin ɓoyewa. A zamanin da, jan haƙori ne kwalliyar mace. Takan tauna goro, ta ɗauki furen taba ta yi ta shafawa a haƙoranta har su rine su yi jawur, shi ya sa saurayi mai zuwa zance kan riƙo goro da fure. A labarin rayuwarta da Baba ta Karo ta ba Mary Smith a Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, tsakanin 1949 da 1950, wanda aka buga a 1954, goro da furen taba suna cikin kayan kyauta da kwalliyar matan zamaninta.

Shi goron ma yana da nasa tarihin. Fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne ke yin watanni a hanya zuwa Salaga a ƙasar Gwanja su ɗauko shi a kan jakuna, don haka ba kowa ke samunsa ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya kuma aka ja layin da ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai goron Kurmi ya wadata, ya shiga aljihun talaka. Launin da yake bari a haƙoran dattawa shaida ce ta wannan ciniki.

Da tafiya aikin hajji ta jirgin sama ta yawaita daga shekarun 1950, sai wani sabon ado ya shigo, wato haƙorin Makka. Alhaji ko hajiya su dawo da haƙori guda sanye da zinariya ko azurfa, murmushi kaɗai ya isa sanar da cewa an sauke farali. Likitoci na jan kunne cewa in rufin bai zauna daidai ba, abinci kan maƙale a ƙarƙashinsa ya ɓata lafiyayyen haƙori. Fure kuwa ya ja baya, domin 'yan matan yanzu farin haƙori suke so.

In ciwo ya tashi

Tsabta da ado na cikin gida ne, amma ciwo sai an nemi mai sana'a. Da farko akan gwada na kusa: a danna kanumfari a ramin, a kurkura da ruwan ɗumi da gishiri ko jiƙon bagaruwa, wani ya sa kanwa. Kanumfari yana da mai da ke kashe zafi, har likitocin haƙori na zamani suna amfani da shi. Mutane sun ɗauka tsutsa ce ke cin haƙori, kuma ba Hausawa kaɗai ba, domin an sami irin wannan zato a rubuce tun zamanin Babila. Gaskiyar lamarin ita ce ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani ne ke cin zaƙin da ya rage a baki, su fitar da tsami mai narkar da ɓawon haƙori.

In kunci ya kumbura, barci ya gagara, sai a aika a kira wanzami. Ya zo da zabirarsa, wadda a ciki akwai aska da ƙaho da ɗan awartakin da maƙeri ya ƙera masa. A shimfiɗa tabarma a zaure, mai ciwo ya zauna, wani ƙaƙƙarfa ya riƙe masa kai. Wanzami ya yi bismilla, ya kama haƙorin, ya girgiza shi hagu da dama, sannan ya fizge. Babu allura, babu abin kashe zafi, sai dauriya da sannun 'yan uwa. Sau da dama a rabu lafiya. Wani lokaci kuwa saiwa ta karye ta zauna a ciki, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ƙarfen da ba a dafa ba ya shigar da wata cutar. Duk da haka mutane sun yarda da shi, saboda wanzamin gida ne: shi ya yi wa jariri askin suna, shi ya cire masa beli, shi zai yi masa kaciya, ana kuma ba shi dami da kaka.

Masana sun yi nazarin wannan yanki sosai. Murray Last ya zauna a ƙauyukan Malumfashi tun daga 1969 yana duba yadda mutane ke neman magani, shi ma Lewis Wall ya yi bincike a yankin, ya fitar da littafi kan magungunan Hausawa a 1988. Abin da aka gani a lokacin bai ɓace ba: mara lafiya kan zagaya tsakanin mai magani da malam da wanzami da asibiti, yana neman inda za a dace.

Asibiti ya zo, likitan haƙori ya makara

Asibitin Malumfashi ya kasance cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da Kaduna, don haka yankin ya san likita da wuri. Amma likitan haƙori daban ne. Sai a 1966 aka fara koyar da wannan fanni a Jami'ar Legas, Arewa kuwa ba ta sami nata makarantun a Maiduguri da Kano ba sai bayan shekarar 2000. Ko yanzu yawancin likitocin suna manyan birane. Mutumin Tsiga mai ciwon haƙori sai ya hau mota zuwa Funtuwa ko Malumfashi, in abin ya yi tsanani a tura shi asibitin Shika ko na Katsina.

Nisa da kuɗin mota da tsoro su ne suka sa ake jinkiri. Akan fara da kemis a sayi maganin kashe zafi, har akwai masu ɗiga ruwan batir ko turare a ramin, su ƙone dasashi. Kafin a isa asibiti haƙorin ya mutu, sai cirewa. Daga nan mutane suka ɗauka aikin likitan haƙori ke nan, alhali haƙorin da aka kai da wuri ana iya wanke raminsa a cike shi, kuma allurar kashe zafi ta raba cire haƙori da azabar da aka sani a zaure.

Bakin yara

Yara ne suka fi ɗanɗana kuɗar wasu tsofaffin zato. Jariri ya kama zawo ko zazzaɓi, sai a ce ai haƙori ne, a zauna jira. Fitowar haƙori takan sa ƙaiƙayin dasashi da dalala da rigima, amma zawo mai yawa da zafin jiki mai tsanani cuta ce ta daban. Abin da ke rikita iyaye shi ne lokacin ya zo daidai da sa'ar da yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Neman maganin haƙorin jarirai ya taɓa jawo babban rashi a Nijeriya: tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, maganin My Pikin da ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda ya hallaka yara 84, kuma asibitin koyarwa na Zariya na cikin wuraren da aka kwantar da su. Haka kuma ana sakaci da haƙoran farko, a ce ai za a yi famfara, alhali su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi.

Mafi muni ita ce cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Takan kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida da yunwa ko ƙyanda ta raunana. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe har ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa, alhali a matakin farko maganin ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. An buɗe asibitin yara masu wannan cuta a Sakkwato a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga tallafa masa a 2014, sannan a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

Zaƙi ya yi yawa

Kakannin mutanen Tsiga sun san zaƙi: ga raken fadama, ga zuma, ga mazarƙwaila da alewa. Sai dai abin marmari ne na ranar kasuwa ko biki, abincin yau da kullum kuwa tuwo ne da fura da koko. Yanzu kowace tireda cike take da minti da biskit da cingam da lemon kwalba, shayi kuma sai an zuba masa sukari cokali-cokali. Yawan maimaitawa ne ke kashe haƙori, domin duk sa'ar da zaƙi ya shiga baki sai tsamin nan ya taso. Shi ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukari ya kai kashi goma cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. Yara da yawa kuma sun faɗa tsakani: sun raina asuwakin kaka, buroshin kuma sai da safe kawai, wani lokaci guda ɗaya ga yara uku.

Asuwaki bai tsufa ba, amma shi kaɗai ba zai iya da abincin yau ba, domin makilin mai sinadarin fuloraid yana ƙarfafa ɓawon haƙori ta yadda ice ba ya yi. Ya kamata magidanta a Tsiga da kewaye su haɗa biyun: asuwaki lokacin alwala, buroshi da makilin da safe da kuma kafin barci, kowane yaro da nasa. Iyaye mata su riƙa buɗe bakin yaro suna dubawa, musamman bayan ƙyanda ko doguwar jinya, kuma duk gyambon dasashi mai wari a kai shi asibiti a ranar. Limamai su tuna da wannan a huɗuba, malaman firamare da na Islamiyya su koya wa ɗalibai, hukumomin lafiya na jihar Katsina kuma su kai ma'aikatan haƙori asibitocin karkara, domin manomin Tsiga ya sami mai duba masa haƙori tun kafin kunci ya kumbura.