Hauka, Iska da Ciwon Zuciya: Tarihin Nazarin Taɓin Hankali a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Ma'aikacin yaƙi da jahilci wanda aka umurta ya shirya ɗan littafi kan lafiyar hankali domin ƙauyukan Matamaye da Kance yakan ci karo da matsala tun a layin farko, wato sunan da zai ba ciwon. In ya rubuta "hauka" jama'a za su gudu. In kuwa ya rubuta "iska" likita zai ce ba ya ciki. Wannan matsala ba sabuwa ba ce, domin manazarta sun shafe fiye da shekara 100 suna fama da ita. Tarihin bincikensu yana nuna yadda sannu a hankali aka gane cewa Bahaushe yana da nasa rabe-raben, kuma magani yakan bi sunan da aka raɗa wa ciwo.

Zamanin Turawan mulki

A 1914 wani hafsan Ingila, A. J. N. Tremearne, ya wallafa littafi kan bori, wanda ya tattara yawancin bayanansa daga Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus. Ya jera sunayen iskoki, kowane da ciwon da ake jingina masa, amma ya dubi al'amarin a matsayin camfi. A ƙasar Nijar kuwa, wajejen 1925, wasu sababbin iskoki masu kwaikwayon sojan Faransa suka ɓulla a Kurfai, yankin Filinge. Sunan da ya bi su shi ne Hauka, kalmar Hausa, kuma hukumar mulkin mallaka ta kama masu hawansu ta tsare. Haka kalma guda ta zama sunan ciwo, sunan ƙungiya, da kuma hujjar ɗauri. Sai a 1954, lokacin da Jean Rouch ya ɗauki hoton majigi na 'yan Hauka 'yan ci-rani a Ankara ta ƙasar Gana, aka ji wani Bature yana tambaya ko wannan hawa ba shi ne ke tsare hankalin masu yin sa ba.

A cikin waɗannan shekaru ne likitoci ma suka fara sauya ra'ayi. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya soma kwantar da marasa lafiya tare da danginsu a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Daga 1959 Henri Collomb ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann na Dakar, inda aka kafa mujallar Psychopathologie africaine a 1965.

Daga Kance zuwa Maraɗi

Ƙasar Kance, wadda Matamaye ke cikinta, kudu maso yammacin Damagaram, tana da matsayi a wannan tarihi. A nan ne Guy Nicolas ya yi bincikensa na farko: a 1960 ya wallafa nazari kan ƙauyen Tasawo, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1960 ya fitar da wani kan yadda dukiya ke zagayawa tsakanin mutanen Kance. Ba ciwon hankali ya nazarta ba, amma abin da ya gano ya zama tushe. Ya nuna cewa kyauta da gudummawar biki, a suna ko aure, su ne ma'aunin mutum a cikin jama'a: wanda ya bayar za a mayar masa, wanda ya kasa kuwa ya fita daga zumunta. Ke nan mutuncin mutum da kwanciyar hankalinsa suna rataye da wannan igiya.

Jacqueline Nicolas, wadda daga baya aka sani da Monfouga-Nicolas, ita ce ta kai tambayar ga ciwo kai tsaye. Ta zauna da 'yan bori a kwarin Maraɗi, inda Iya ke shugabantarsu, ta wallafa nazarinta kan "goɗiyoyin" iskoki a jerin Etudes Nigériennes a 1967, da cikakken littafi a 1972. Ta lura cewa yawancin masu shiga bori mata ne, kuma ciwo ne ke kai su: rashin haihuwa, mutuwar 'ya'ya, zaman kishi, ko wata rama da ta ƙi jin magani. A lokacin girka ba a korar iskan da ya kama mace. Ana gano sunansa, a san abin da yake so, a shirya shi da ita, har ta iya ɗaukarsa a lokacin da aka kira shi kawai. Daga nan ta sami sabuwar ƙungiya mai yi mata biki da gudummawa. Muhimmin darasi a nan shi ne, a idon jama'a mai iska daban, mahaukaci daban. Mai iska tana gidan mijinta, tana da ranar warkewa. Mahaukaci kuwa shi ne wanda ya yar da tufa da kunya, ya shiga kasuwa yana sambatu.

Malam, boka da asibiti

A ƙetaren iyaka, Murray Last ya zauna da Maguzawa a ƙasar Malumfashi daga ƙarshen shekarun 1960. A maƙalarsa ta 1981 ya gargaɗi manazarta da kada su ƙaga wa Bahaushe wani tsari mai dokoki wanda shi bai san da shi ba. Marar lafiya, a ganinsa, ba ya cika damuwa da sanin asalin ciwo. Abin da yake nema sauƙi ne, saboda haka yakan sha rubutun malam, ya karɓi turaren boka, ya kuma nemi allurar asibiti, ba tare da ganin saɓani ba. Nicole Echard a Adar da Adeline Masquelier a Dogon Dutse sun ƙara nuna cewa iskoki kansu suna da tarihi: sukan ƙaru, su sauya hali, bisa ga sauyin zamani.

An ga wannan sauyi a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa rukuni-rukuni. Ba a kira masu goge ba, sai malaman ruƙiyya. Ba a nemi shiri da iska ba, sai fitar da aljani da karatun Alƙur'ani. Irin wannan faɗuwa ta bayyana daga baya a makarantun Nijar. Har ila yau, wani bincike da likitocin Kano suka wallafa a 2004 kan ƙauyen Karfi ya nuna cewa shaye-shaye ne sababin da mutane suka fi ambata wa taɓin hankali, gaba da sihiri da aljanu. Likitocin duniya ma sun sakko: kundin rabe-raben cututtukan hankali na Amurka ya keɓe wa al'ada gurbi a 1994, ya faɗaɗa shi a 2013.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke koya wa masu tsara littattafan karatun manya a fili yake. "Hauka" hukunci ne mai hana aure da kawar da shaida, don haka bai dace ya zama kan magana ba. "Taɓin hankali" ya fi sauƙi, amma ba ya ɗauke da matar da haihuwa ta bar ta cikin baƙin ciki, wadda za ta ce zuciyarta ce ke ciwo ko barci ya ƙaurace mata. Farfaɗiya kuma, wadda ake yawan jingina wa iska, ciwon ƙwaƙwalwa ce mai jin maganin asibiti, kuma wajibi ne a ware ta. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, nauyin zaɓen waɗannan kalmomi ya ƙaru. Hanya mafi inganci ita ce wadda manazartan Kance da Maraɗi suka bi: a zauna da ungozomai, da limamai, da ma'aikatan likita, a rubuta yadda marar lafiya ke faɗin ciwonsa da bakinsa, kafin a buga ko da shafi guda.