Butar lantarki ko ta bisa wuta: abin da na tono bayan gardamar ɗakin malamai

A watan Disamban da ya wuce, da sanyi ya matsa mana a lakwal, mu malamai tara muka haɗa jaka biyu-biyu don mu sayi abin dafa ruwan shayi na hutun ƙarfe goma. Kuɗi sun haɗu cikin kwana biyu, amma sayayyar sai da ta ci mako uku. Malamar aji uku ta ce butar lantarki za a saya, irin wadda ake jonawa a bango, ta kashe kanta in ruwa ya tafasa. Dattijonmu, wanda saura shekara biyu ya ajiye aiki, ya ce shi dai a sayi butar ƙarfe da ƙaramin butalin gaz. Ta ce masa, "Baba Malam, ai duniya ta ci gaba." Ya ce, "Haka ne ɗiyata, amma wayar da ta shigo ɗakin nan ita ma ta ci gaban?" Darakta, da yake ba ya son rigima, ya juyo gare ni ya ce tunda ni ne mai tone-tonen tarihi, in je in binciko gaskiyar maganar. Abin da na samo shi ne nake so in raba da ƴan uwana malamai da iyaye, don na san gardamar nan tana cikin gidaje da yawa.

Na fara da kalmar kanta. Buta a wurin kakanninmu ta duma ce, ko ta ƙasa, kuma aikinta riƙe ruwan alwala da na tafiya. Ta ƙarfe kuwa sintali ake ce mata, sunan da ya zo mana daga Larabci. Tsofaffin malaman zaure da sintali suke ɗumama ruwan alwalar asuba a lokacin ɗari, su tura shi gefen garwashi tun da dare. Butar roba mai zane-zane da ke kowace ƙofar masallaci yau ta ari siffar butar dafa ruwa ta Turawa ne, da hanci da marfi da mariƙi, ga shi kuwa in ka ɗora ta bisa wuta narkewa za ta yi.

Shayin ma baƙo ne, ko da yake ya daɗe har ya zama ɗan gida. Koren ganyen Sin ya bazu a Maroko a tsakiyar ƙarni na 19 ta hannun ƴan kasuwar Ingila, daga nan ayari ya ɗauko shi ya ratso Sahara, Larabawa da Abzinawa suka riƙe shi, mu kuma muka koya daga gare su. Tare da shi ƙaramar butar shayi ta zo, da ƙananan kofunan gilashi, da al'adar dafawa sau uku. Da samari suka fara kafa fada a ƙofar gidaje a shekarun 1990, furno na waya da ɗan gawayi suka zama kayan aikin kowace unguwa, daga Damagaram har Yamai. Wannan shayin ba gaggawa yake so ba, a hankali yake dahuwa, kuma ban taɓa ganin mai hankalin da ya gwada yin sa a butar lantarki ba. Gardamarmu a kan ruwan zafi ce kawai, na Lipton da madara da kofi, da na haɗa abincin jariri, da na sirka wa yara ruwan wanka.

Butar lantarki kuwa a farkon shekarun 1890 ta fito. Kamfanin Crompton na Ingila ya sa ta cikin kundin kayan da yake sayarwa a 1894. Sai dai ta farkon ba ta burge kowa ba, domin ƙarfen da ke ɗaukar zafi a wani ɗaki na dabam yake a ƙarƙashin ruwan, don tsoron kada wuta da ruwa su haɗu. Sakamakon haka butar bisa murhu takan riga ta tafasa. Sai a 1922 wani injiniya mai suna Leslie Large, a kamfanin Bulpitt & Sons na birnin Birmingham, ya rufe wayar zafin cikin bututun ƙarfe ya nutsar da shi cikin ruwan kai tsaye. Daga nan ne ta fara tsere wa murhu. Matsala ɗaya ta saura: in ka manta da ita, ruwa ya ƙone, butar ta lalace, wani lokaci har gobara ta tashi. A 1955 kamfanin Russell Hobbs, na Bill Russell da Peter Hobbs, ya fito da wadda ke kashe kanta. Dabarar mai sauƙi ce har ɗan aji shida zai gane ta. An manne ƙarafa biyu iri dabam-dabam, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi. Da tururi ya buge su sai su lanƙwashe, su ture makunnin. Wannan "ƙas" da kake ji in ruwa ya tafasa, ƙarar dabarar 1955 ce.

Ka lura, shekara sittin aka yi ana gyaran abin nan kafin ya zama yadda muka san shi, kuma duk gyaran an yi shi ne don gidan da ke da wuta mai ƙarfi wadda ba ta yankewa. Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne bambancin Ingila da Amurka. A Ingila wutar gida volt 230 ce, kuma butarsu tana iya jan wat 3,000, shi ya sa da wuya ka shiga gida ba ka same ta ba. A Amurka wutar bango volt 120 ce, butarsu ba ta cika wuce wat 1,500 ba, sai ta ɗauki kusan ninkin lokacin. Ga shi kuma sun fi shan kofi bisa ga shayi. Saboda haka har yau gidaje da yawa a can butar bisa murhu suke ɗorawa, mai yin fito in ta tafasa. Babu wanda zai ce Amurka ba ta ci gaba ba. Da na karanta wa Baba Malam wannan sai ya gyara zama, ya ce in maimaita da ƙarfi malama ta ji.

To, mu wace waya ce ta iso gare mu? Ƙarfin wutarmu volt 220 ne, irin na Turai, don haka ta wannan fuska butar lantarki ta dace da mu. Amma tarihin wayar gajere ne. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a Najeriya. A 1976 layin wuta ya taso ta Birnin Kebbi ya iso Yamai. Mu nan Maraɗi da Damagaram injinan gazuwal ne suka riƙe mu har 1994, lokacin da layi ya shigo daga Katsina ta Gazawa. Ina yaro a lokacin, kuma ina tuna cewa a layinmu gidajen da ke da wuta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Har yau mafi yawan ƙauyukanmu ba su ga turken waya ba, kuma yawancin abokan da muka fito makarantar horon malamai tare a irin waɗannan ƙauyuka suka fara aiki. A wurinsu wannan gardama ma ba ta taso ba.

Sannan ga abin da duk muka gani da idonmu. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bisa takunkumin CEDEAO, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairun 2024. A waɗannan watanni butar lantarkin gidana ta zama abin ɗiban ruwa. Uwargida ta zaro tsohuwar butar alminiyon da aka kawo ta da ita cikin kayan ɗaki, ta wanke, ita ta fitar da mu sanyin shekarar.

Kada a ce na zalunci butar lantarki, bari in yi mata lissafinta. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta tafasa tana buƙatar wajen kashi ɗaya cikin goma na kilowat-awa. Butar wat 2,000 za ta gama wannan cikin minti uku, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na zafin cikin ruwan yake shiga. A bisa gaz kusan rabin zafin iska ke kwashewa. A murhun duwatsu uku kuwa abin da ke isa tukunya da ƙyar yake kai kashi 15. Ba hayaƙi, ba toka, ba a aiken yaro sayen gawayi da asuba. Duk wannan gaskiya ne, kuma malama ta yi daidai da ta faɗe shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne waɗannan minti ukun. Wat 2,000 daidai yake da ƙwan fitila 200 masu wat 10 a kunne lokaci guda, kuma yana jan kusan amfiya 9. Wayar ɗakin malamanmu an ja ta ne don fitila biyu da fanka ɗaya. Na san abin da irin wannan ke jawowa, domin a gidana na taɓa jona butar a wata siririyar wayar ƙari mai araha, ban ankara ba sai warin roba na ji, ramin ya yi baƙi ya narke. Allah ya tsare yara ba su kusa. Masu ƙaramin faifan hasken rana ma su sani, na'urar da ke riƙe fitila da cajin waya ba za ta ɗauki buta ba, take za ta katse.

Ita ma butar bisa wuta tana da nata tarihin kuɗi, sai dai dajinmu ne ya biya. Bayan farin 1973 da na 1984, hukuma da ƙungiyoyi sun tashi neman rage cin itace, aka fito da murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda maƙera suka riƙa ƙerawa a kasuwanni. Gaz ya daɗe yana abin masu hali, sai da matatar man SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a watan Nuwamban 2011 sannan ƙaramin butali mai kilo 6 ya shiga gidajen ma'aikata irinmu. Ashe butar da Baba Malam ke karewa da sunan ta gargajiya, wutar da zai ɗora ta a kai ta fi butar lantarki ƙuruciya a garin nan. Wannan kuma malama ce ta ce in maimaita.

Wajen yara kowace da haɗarinta. Ta bisa wuta a ƙasa take zama, daidai tsayin mai rarrafe. Ta lantarki tana bisa tebur, amma wayarta na lilo, kuma hannun ɗan shekara biyu ba ya ganin waya ya ƙyale. In tsautsayi ya faɗa, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20 sannan a nufi likita. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da ake shafawa ba sa ƙara komai sai datti.

Da na kai rahotona, na ce ni a ganina a duba bango kafin a duba kasuwa. Gidan da aka ja wa waya mai kauri, kuma wuta na zama da asuba, ya sayi ta lantarki zai ji daɗinta, amma kada ya kyautar da ta ƙarfen. Ɗakin malamanmu bai cika sharaɗin farko ba, don haka na goyi bayan gaz. Aka kaɗa ƙuri'a, shida da uku. Muka sayi butar ƙarfe mai lita uku da butali, darakta ya cika abin da ya gaza daga aljihunsa.

Malama ba ta yi fushi ba. Ta kawo mini wata matacciyar butar lantarki daga gidanta, na kwance gindinta a gaban ƴan aji shida, na ciro ɗan ƙarfen nan na kara shi ga tururi. Da ya yi "ƙas" ya lanƙwashe sai aji ya kaure da ihu, har sau biyar suka sa na maimaita. Gaz ɗinmu kuwa ya ƙare a makon jiya, kuma har yanzu ba a daidaita kan wanda zai ɗauki butalin bisa babur ya kai a cika ba.