Gidan Marayu na Nazareth da Dalilin Rufe Shi

 Gidan marayun Katolika da ya yi suna a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka ya kasance a wajen birnin Raleigh, inda Fada Thomas Price ya kafa shi a 1899 a wani fili da ya raɗa wa suna Nazareth, ya kuma damƙa renon yaran ga matan zuhudu na ƙungiyar Sisters of Mercy. Gobara ta ci ɗaya daga gine-ginensa a 1905, aka sake ginawa, ya ci gaba da aiki har shekarun 1970. A ganina abin da ya rufe shi ba sakaci ba ne. Fahimtar da aka yi wa maraici ce ta sauya.

Da yawa daga yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su. Da aka gane haka, sai magani ya canza. Tun 1902 aka kafa Children's Home Society a birnin Greensboro na jihar domin sama wa yara riƙo a cikin iyali. Taron da Shugaba Theodore Roosevelt ya kira a 1909 ya yanke cewa kada a raba yaro da gidansu saboda fatara kaɗai, sannan dokar tallafi ta 1935 ta sa gwamnatin tarayya ta fara ba iyaye mata marasa ƙarfi kuɗin ciyar da 'ya'yansu a ɗakinsu. Bahaushe, wanda ya saba kawu ko gwaggo su ɗauki maraya, ba zai yi mamakin wannan ba.

Wasu za su ce Nazareth tarkon wa'azi ne kawai, tunda Katolika tsiraru ne ƙwarai a jihar a lokacin, kuma Price mai bishara ne da ya haɗu da James Walsh suka kafa ƙungiyar Maryknoll a 1911. Zargin yana da tushe, domin bai ɓoye burinsa ba. Sai dai a zamanin da gwamnati ba ta ɗauki nauyin yaron talaka ba, wa ya ba shi tuwo, gado da karatu? Majami'u da ƙungiyoyin sa kai ne. Ya kamata a auna gidan da abin da ke akwai a 1899, kuma a wannan ma'auni ya ciyar da yaran da ba su da mai ciyar da su.