Sabunta Manhajar Na'urar Rarraba Layin Kwamfuta: Bayani Ga Ofisoshin Isa Da Sabon Birni

Mece ce wannan na'ura?

Suwic wani akwati ne mai ramuka da yawa, galibi 8 ko 24 ko 48, wanda ake cusa wa wayoyin kwamfutocin ofis domin su riƙa musayar bayanai. Iri biyu ne: akwai wanda ake jonawa kawai ya kama aiki, akwai kuma wanda jami'i ke shiga cikinsa da kalmar sirri ya tsara shi. Na biyun muke magana a kai. A cikinsa akwai wata manhaja da kamfani ya dasa, wadda muke kira manhajar ciki, kuma ita ce ke tafiyar da shi.

Lamarin ya shafi mutanen karkara kai tsaye. Tun daga 2015 da aka mayar da jarrabawar JAMB ta kwamfuta gaba ɗaya, ɗalibin Tozai da ya je cibiyar jarrabawa ta cikin irin wannan akwati tambayoyi ke isowa gabansa. Idan ya tsaya, duk kwamfutocin da ke jone da shi sun yanke.

Dalilin sabuntawa

Kamfanoni kan gano ɓaraka a manhajar ciki, su fitar da gyara. A Maris 2018 kamfanin Cisco ya fitar da gyaran wata ɓaraka a tsarinsa na Smart Install. A Afrilun shekarar aka kai hari kan na'urorin da aka bar wannan tsari a buɗe. Hukumomin Iran sun ce na'urori kusan 200,000 ya shafa a duniya, 3,500 a ƙasarsu. A Agusta 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗin cewa har lokacin ana kutse ta wannan kafa, shekara bakwai bayan fitowar gyaran.

Yankinmu yana da nasa cikas. A Satumba 2021 kamfanin Netgear ya fitar da gyara ga wasu na'urorinsa da ake iya shiga ba da kalmar sirri ba. A watan ne kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Isa da Sabon Birni. Saboda haka bai kamata ofis ya dogara ga intanet ɗin wurinsa ba wajen samun gyara.

Matsalolin da aka sani

1. Ɗaukewar wuta ana tsaka da sabuntawa. Wannan ita ce babba, domin na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.
2. Ɓacewar tsari. Na'urori da yawa suna riƙe sabon tsari na wucin gadi ne har sai an ba su umarnin adanawa. Wuta na ɗaukewa, aikin ya tafi.
3. Agogo. Wasu ba su da batirin agogo, sai kwanan wata ya koma baya duk lokacin da aka kunna su, rahoton na'urar ya rikice.
4. Zafi da ƙura. Zafin bazara a nan yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Sabunta manhaja ba ya maganin wannan. Sai shara da wuri mai iska.
5. Tsufa. Idan kamfani ya daina kula da wani samfuri, ba sauran gyara, sai canji.

Matakan da muke ba da shawara

Da farko a rubuta sunan kamfani da lambar samfuri da lambar manhajar da ke ciki a littafin ofis. A sauko da sabuwar manhaja daga shafin kamfanin kaɗai, a Sakkwato ko wani wuri mai layi mai ƙarfi, a ɗora ta a filas, tare da takardar bayanin da ke biye da ita. A karanta takardar da kyau, domin a nan kamfani ke lissafa abin da ya gyara da abin da ya rage.

Kafin a fara, a kwafe tsarin na'urar a ajiye. A jona ta da batirin sola ko inbata mai cikakken caji, kada a yi aikin a kan janareta kaɗai. A zaɓi lokacin da ofis ya tashi. Idan na'urar tana da ma'ajin manhaja biyu, a bar tsohuwar a ɗaya, don a koma mata idan sabuwar ta ba da matsala. Bayan an gama, a canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, a rufe duk ƙofar shiga da ba a amfani da ita.

Muna kira ga shugabannin sassa da su ɗora wannan nauyi a kan jami'i guda, ya riƙa duba sanarwar kamfani da ta cibiyar ngCERT da hukumar NITDA aƙalla sau ɗaya kowane wata uku, ya kuma rubuta ranar kowane gyara a littafin.